Kiran Da Ban Amsa Ba A Dajin Jan Ganye

Ba zan tsaya ba ku labarin jirgi ba, don duk wanda ya je Makka ya riga ya cika muku kunne da shi. Ni daga inda wahalata ta fara zan ɗauko, wato ranar da na buɗe ido na gan ni a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Amurka, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama kusa da silin. Ba abin da nake hangowa ta cikinta sai tayoyin mota da ƙafafun karnuka.

A takarda sunana Hauwa'u, amma ko ka shekara a Kudenda ta Kaduna kana tambayar Hauwa'u ba mai nuna maka ni. Iya Mai Waina ake ce mini. Tun da aka rufe masaƙar da maigidana yake aiki a Kakuri, baƙin ciki da hawan jini suka tafi da shi, kullum asuba nake fitowa daga gidanmu na Nasarawa in kafa tanda a bakin ƙofar wani kamfani a Kudenda ina sallamar leburori. A nan wata hajiya 'yar Barnawa mai sayen wainata ta same ni, ta ce 'yarta Hajiya Zainab da mijinta Dakta suna Amurka, aiki ya sha musu kai, suna neman babbar mace mai tsoron Allah da za ta riƙe musu yarinya. Wata shida kacal, in ji ta. Ta ce unguwarsu cike take da Hausawa, masallaci ma a bayan gida yake. Ni kuma hayaƙi ya cinye mini ido, gwiwoyi sun gaji da durƙuso, sai na ce to.

Hausawan dai ban gan su ba. Masallacin kuwa sai an yi tafiyar da ta kai Kaduna zuwa Zariya. Fasfo ɗina tun a filin jirgi Hajiya Zainab ta karɓa ta ce za ta adana mini, wata shida ya wuce, shekara ta zagayo, in na taɓo maganar gida sai ta ce in bari a ga bayan wannan watan. Ba ta zagina, ba ta hana ni abinci, gaskiya ɗaya ce. Amma kazar da ke akurki ma ai ana watsa mata dawa.

Abin da ya fi ci mini rai shirun garin. Ni da na saba da hon ɗin 'yan keke da jiniyar kamfani da ashar ɗin kwandastoci, sai ga ni inda za ka wuni ba ka ji ko tarin mutum ba. In na gai da maƙwabta sai su ɗaga leɓe su wuce. Wani tsohon bature ne kawai na gefenmu, da ya ga ina fitar da shara cikin ƙanƙara hannuna tsirara, washegari na tarar ya rataye mini safar hannu a ƙofa. Har na baro ƙasar ban san sunansa ba, Allah Ya saka masa.

Mutum biyu ne suka hana ni haukacewa. Ta farko Amira, yarinyar da nake raino, 'yar shekara huɗu. A bayana take barci, a bakina ta koyi Hausa har da su "wallahi kuwa", ko faɗuwa ta yi ni take kira kafin uwarta. Ta biyu Sista Rifkatu, nas a asibitin da Dakta yake aiki. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, a Kakuri ta tashi, ubanta ma a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa. Sa'ata ce, amma kullum cikin wando kamar ɗan sanda, ga baki kamar rediyon mai shayi. Ita ke kawo mini daddawa da kuka, ita kaɗai ta taɓa gaya wa Hajiya ido da ido cewa riƙe fasfon mutum ba daidai ba ne. Duk da haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu yi cacar baki ba, don Rifkatu ba ta iya shiga gida ba. Sai dai ka ji an banko ƙofa ana tambayar me aka dafa. In na ce wannan wane irin shigowa ne ba sallama kamar akuya, sai ta kece da dariya ta ce a ƙasar nan ƙararrawar ƙofa ita ce sallama, in daina kawo mata ƙauyanci.

To, ana nan sanyi ya fara leƙowa, lokacin da suke kira kaka a can, ko da yake ni ban ga an girbe komai ba. Wata Juma'a Dakta ya ce in shirya abinci, gobe za mu hau duwatsu kallon ganye. Na ce kallon me? Ya ce ganye. Na dube shi da kyau ko tsokanata yake. Ashe da gaske ne, wai a lokacin ne ganyen itatuwa ke rikiɗa kafin ya zube, mutane kuma daga garuruwa masu nisa suke kwaso iyalansu su zo gani. Na ce ikon Allah, a ƙona mai a je kallon itace yana mutuwa. Hajiya ta ce ni dai ba na rabo da ƙorafi. Aka ce da Rifkatu za a je tun da ba ta da aiki ranar.

Tun da muka bar gari jikina ya ba ni. Ƙauyukan da muka riƙa ratsawa, kusan kowane gida an jera kabewa a ƙofa, an fafe ta, an yanka mata ido da haƙora tana yi wa masu wucewa dariya. Wani gidan na ga ƙwarangwal zaune a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wani kuma an rataye fararen ƙyallaye a reshe, iska na kaɗa su, sak likkafani. Da muka zo wani gida da aka jera kaburbura a kan ciyawar ƙofarsa, sai na kama salati da ƙarfi. Dakta ya ce in kwantar da hankalina, duk roba ce da kwali, wani bikin yara ne da suke yi a ƙarshen wata. Na ce a garinmu ko mahaukaci ba ya wasa da kabari. Rifkatu ta ce ita ma shekarunta da yawa a ƙasar amma har yau ba ta son wannan watan.

Daga nan hanya ta fara hawa tana nannaɗewa a jikin dutse, kunnuwana suka toshe. Sai ga abin da aka zo gani. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin irinsa ba. Duwatsu ne jere har inda ido ya ƙare, kowanne ya rufe da itatuwa, wasu jajawur, wasu ruwan ɗorawa, wasu kalar manja, kamar an cinna wa duniya wuta amma ba hayaƙi ba zafi. Motoci sun yi layi suna tafiya a hankali, ba mai hon, ba mai wuce wani, irin tafiyar rakiyar gawa. Amira ta manne da gilashi tana ihun murna, Hajiya tana ɗauka a waya. Ni kuwa kyan ne ma ya tsorata ni. Daji har daji, amma ba kukan tsuntsu, ba makiyayi, ba mai itace, ba ko akuya ɗaya.

Dajin ne ya tuno mini da mahaifiyata. Kafin a haife ni Inna ta binne 'ya'ya da dama, kowanne ba ya kai yaye. Da na zo sai tsofaffin ƙauyenmu suka sa aka kai ni kan juji aka ajiye, aka sake ɗaukowa, wai don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ni ba ta wuce. Shi ya sa Inna take kirana Ajuji. Ita kaɗai ke kirana haka, ko maigidana bai san sunan ba don kunyarsa nake ji, kuma tun ina goyon ɗan farina aka binne sunan tare da ita. Wannan ban gaya wa kowa a motar ba. Abin da na faɗa musu shi ne dokar da take kafa mini in za mu shiga daji itace: in kin ji an kira sunanki a daji kada ki amsa, kada ki waiwaya, ko da muryata kika ji, don abin da ke daji yana aron murya, wanda ya amsa kuwa ya tafi ke nan. Dakta ya yi dariya ya ce camfi ne. Rifkatu ba ta yi dariya ba, ta ce kakarta ma haka take gaya musu.

A can ƙololuwa akwai fili da aka yi don ajiye motoci, da benci, da shingen katako inda ake tsayawa a leƙa kwari. Muka ci shinkafarmu, Dakta ya sayo wani ruwan tuffa mai zafi da na kurɓa na ajiye. Aka yi ta hoto. Da na duba rana na ga ta karkata, ga shi a ƙasar nan ba ta da haƙuri, yanzu kana ganinta yanzu ta faɗi. La'asar na neman kuɓuce mini. Wurin kuwa cike da mutane da karnukansu, kowa da waya a hannu, ni kuma ba zan kafa goshina a ƙasa ana ɗaukata kamar biri ba. Na ɗauki sallaya da gorar ruwa na gaya wa Hajiya zan ɗan shiga bayan itatuwan nan in yi salla. Ta ɗaga mini kai idonta na kan waya. Amira ta riƙe mini zani ta ce sai ta bi ni. Wayata tana cikin jaka a mota, ban ga dalilin ɗauka ba.

Na yi abin da kowace 'yar ƙauye za ta yi, na sa alama. Na zaɓi wani itace mai jan ganye a bakin 'yar hanyar, na ce daga shi zan dawo. A dajinmu in ka ga itace ɗaya ja, ai ko makaho ya samu alama. Muka ɗan nutsa ciki har hayaniya ta ragu, na yi alwala da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu, na tayar da salla. Amira na gefe tana tsintar ganye wai za ta kai wa maminta.

Ina sallamewa na ga duniya ta canza. Wani farin hazo ya sauko daga saman dutsen ba motsi ba ƙara, ya shiga tsakanin itatuwa. Amira ta gangara can ƙasa tana bin ganye, rigarta kawai nake hangowa. Na bi ta da sauri na kamo hannunta, na juyo neman itacena. Jama'a, duk inda na duba ja ne. Gaba ja, baya ja, dama da hagu ja. Hanyar da muka biyo kuwa babu ita, ganye ya rufe ƙasa har idon sawu. Na ce ai sama muka fito, bari mu hau. Muka hau ba fili ba mota. Muka koma wani gefen. In na taka ganyen nan sai ya yi ƙara, in ji kamar wani na takawa a bayana, in na tsaya shi ma ya tsaya.

Ana cikin haka ƙafar Amira ta zurma. Ashe wani ɗan rafi ne ganye ya lulluɓe, ta faɗa har ƙirji. Na fizgo ta tana ƙyarma, haƙoranta na haɗuwa, ko kukan kirki ta kasa. Na tuɓe mata jiƙaƙƙun kayan, na cire rigar sanyina na naɗe ta, na samu wani lungu a gindin dutse inda iska ba ta bugawa sosai na zauna, na manna ta a ƙirjina na rufe mu da hijabi. A lokacin ba ni da niyyar yin shiru. Niyyata in huta in kama ihu har a ji mu, don na san yarinyar nan in ta daɗe a haka sanyi zai kashe mini ita. Haske ya fara ja baya, magariba ta kawo kai.

Na buɗe baki ke nan zan yi ihu, sai na ji an yi kira.

"Ajuji."

Ba da ƙarfi ba, ba kuma da wata murya mai ban tsoro ba. Muryar Inna ce, yadda take kirana in miƙo mata tsintsiya, har da 'yar shaƙewar nan da take yi in ta sha hayaƙin murhu. Kusa da ni, ta bayan dutsen. Wallahi saura ƙiris in ce na'am, bakina har ya buɗe da kansa, don shekara nawa rabon da a kira ni haka. Sai na tuna a ina nake. Matar da na ga an fita da ita a makara, me zai kawo ta bayan duniya, dajin da ko sunansa ba ta taɓa ji ba? Aka sake kira, aka kuma sakewa. Na dafe bakina, na sunkuyar da kai, ban waiwaya ba.

Daga nan ne sauran muryoyin suka fara. Na ji muryar Dakta yana kiran Iya. Na ji wasu maza suna kiran Hauwa'u da karyayyen harshe, sunan da ba mai kirana da shi. Kiran sai ya fito ta gabas, ya dawo ta yamma, ya sake fitowa daga ƙarƙashin kwari, murya ɗaya a wuri uku. Can cikin hazo wasu fitilu suna yawo ba a ganin masu riƙe da su, kare na haushi. Yanzu na san ma'aikatan dajin ne Dakta ya kira, ya ba su sunana na fasfo, duwatsu kuma ke mayar da murya. Amma ku sa kanku a matsayina. Abin da ya iya aron muryar matacciya, muryar Dakta ce za ta gagare shi?

Sai muryar Hajiya ta taso tana kiran Amira, tana kuka irin kukan da uwa kaɗai ke yi. Yarinyar ta motsa a ƙirjina ta ɗago kai, ta ce, "Iya, Mami ce." Ta ja numfashi za ta amsa, na sa tafin hannu na toshe mata baki. Ta yi ta mutsu-mutsu, ta gantsara mini cizo har na ji jini na bin hannuna, ban sake ta ba. Ina kuka ina raɗa mata a kunne cewa ba Mami ba ce, ta yi shiru, ba Mami ba ce. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba, kuma ban taɓa tabbata ina kare rai kamar lokacin ba.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne da ta daina kokawa. Ƙyarmar ma ta tsaya. Jikinta ya saki, ta ce barci take ji, muryarta can ƙasa. Na raini yara da yawa, na san barcin gajiya, na san wanda ba shi ba. Na girgiza ta, na mutsuttsuka mata ƙafafu, sanyi ƙalau kamar ƙarfe. Nan fa na rasa tudun dafawa. In mutane ne ke kira, shiruna zai kashe ta. In ba mutane ba ne, amsawata za ta kashe mu duka. Na kama Ayatul Kursiyyu, abin da nake karantawa tun ina yarinya, sai ga shi ina kai tsakiya ina komawa farko.

Sai kiran ya ɗauke gaba ɗaya. Ba Dakta, ba Hajiya, ba kare. Shirun ya fi kiran ban tsoro, har ƙarar faɗuwar ganye ɗaya-ɗaya nake ji. Na ce shi ke nan, ko sun tafi, ko sun iso.

Can sai na ji wata murya daga nesa kaɗan, a natse, ba ihu ba.

"Assalamu alaikum."

Aka yi shiru, irin shirun baƙon da ya tsaya a zaure yana jira. Aka matso, aka sake.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu gida."

Muryar Rifkatu ce. Zuciyata ta ce ita ma aro ce, matar da ko a ƙofar gida ba ta sallama ita ce za ta yi a daji? Amma ba sunana aka kira ba. Inna sunana ta hana ni amsawa, ba ta taɓa hana ni amsa sallama ba, ba ma za ta iya ba, don amsa sallama wajibi ne, tun a makarantar allo aka dasa mana wannan. Kuma mugun abu ba ya zuwa da aminci a bakinsa. In ma aljani ne, to wanda ya san sallama ne, zan haɗa shi da Allah ya bar mini yarinya. Aka yi ta uku, na ji takun ya fara wucewa ta gefe zai yi nisa.

Na ce, "Wa alaikumus salam." Muryar ko ni ban ji ta ba. Na tattara abin da ya rage mini na sake faɗa da ƙarfi, har dutsen ya maimaita.

Rifkatu ta faɗo lungun nan da fitila a goshi kamar mafarauci. Ta fizge Amira, ta buɗe rigarta ta cusa ta a jikin fatarta ta zuge, sannan ta busa wani usur da ma'aikatan suka ba ta. Sai da ta ga fitilu sun nufo mu ta juyo ta dube ni, fuskarta sharkaf da hawaye, ta ce, "Iya, taurin kanki zai kashe mutum." Na kama hannunta na matse don in tabbatar akwai ƙashi a ciki.

Amira ta kwana biyu a asibiti ta farfaɗo. Likitocin sun ce da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Ashe duk abin nan ba mu yi wani nisa da filin motoci ba. Na gaya wa su Dakta na ji muryar mahaifiyata, shi ya sa na ƙi amsawa, amma ban faɗi sunan da ta kira ni da shi ba. Dakta ya ce sanyi in ya shiga jiki yana taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya ji abin da babu. Na karɓi maganarsa, har na ji sauƙi a raina, don gara a ce sanyi ne. Hajiya kuwa ba ta yi mini magana ba sai da muka dawo gida. Ta tsaya a bakin matakalar ɗakina, ba ta sauko ba, ta ce, "Kina ji ina kuka, kika toshe mata baki." Haka kuwa aka yi. Bayan 'yan kwanaki na tarar da fasfo ɗina a kan gado da tikiti a ciki. Abin da na yi shekara ina roƙo, ga shi ya zo, amma ban ji daɗinsa ba. Ranar tafiyata da sassafe aka kai Amira makaranta don kada ta ga fitata.

Rifkatu ce ta kai ni filin jirgi. Ganyen duk ya zube, itatuwan bakin hanya sun tsaya tsirara. A mota take ba ni labarin yadda ta tuna hirarmu ta hanya, ta gane ina jin su sarai amsawa ce ba zan yi ba, ta yi ta faɗa da ma'aikatan har suka yarda kowa ya yi shiru na ɗan lokaci. Na tsokane ta na ce ashe dai ta iya sallama, iskanci ne ke hana ta. Ta ce wanda ya tashi a Kakuri ai ko bai so ba ya iya. Muka yi dariya. Sai na tambaye ta abin da ke cina, yadda aka yi ta san gefen da muke, tun da an ce duk can wani ɓangaren ake nema.

Ta rage gudu, ta gangara gefen titi ta tsayar da motar, ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba.

Ta ce, "Iya, wace ce Ajuji?"

Ta ce tun da ta shiga dajin take jin wata tsohuwa na kiran sunan nan a gabanta, da Hausar ƙauye, murya a ɗan shaƙe. Ta ɗauka ni ce nake lallashin Amira da wani sunan wasa, sai ta bi. In ta kauce sai kiran ya koma ta inda ya kamata ta bi, in ta tsaya sai a sake. Ta ce ina amsa sallamarta kiran ya ɗauke, kuma da ta ji muryata ta san ba ni ce mai kiran ba. Ta ce ba ta gaya wa kowa ba, ko a coci.

Na gaya mata ko wace ce. Muka zauna a motar nan, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu, ita tana addu'arta ni ina tawa.

Yanzu na koma bakin tandata a Kudenda, hayaƙin da na guda shi nake sha, kuma ban ƙi ba. Tabon haƙoran Amira yana nan a tafin hannuna, in ina juya waina ina ganinsa. Na kai maganar wurin malamin unguwarmu, ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, amma Allah Yana da rundunonin da ba wanda ya san su sai Shi, in bar abin a nan in riƙa yi mata sadaka. Na bari, ina kuma yi, duk Juma'a wainar farko ta marasa hali ce. Sai dai akwai abin da ban gaya wa malam ba. Koma mene ne ya kira ni a dajin nan, da muryar uwata ya zo, ya tsaya a kaina har aka same mu, ni kuwa na sunkuyar da kai na ƙi ko waiwaya. Shi ya sa wani lokaci in na fito da asuba, kafin leburori su fara zuwa, ina hura wuta ni kaɗai, sai in ɗan dakata in saurara. Ba a sake kira ba. Amma nakan faɗa a hankali, ko da a makare ne.

Na'am, Inna.